Yaro Ba Kaya Ba Ne: Maganar Iyalan Da Ke Fita Waje Da Ƙananan Yara

(Jawabin da aka gabatar a zaman matasa a Jiratawa)

  

An ce in yi magana kan tafiya ƙasar waje. To, tafiya dai babu fadar da ba a zancenta. Ka zauna duk inda ake dafa shayi, kafin a sauke na biyu an kawo labarin wane da ya shiga Aljeriya, wane ya aiko da kuɗin babur daga Libiya, wane kuma biza ta fito. Mun san kuɗin mota daga nan zuwa Agadas. Mun san canjin naira da sidi da dinari. Amma akwai matafiyin da ba mu sa shi a lissafi: yaron da aka goya, da wanda aka riƙe wa hannu aka shiga mota da shi. Shi ba a yi shawara da shi ba, kuma shi ne tafiyar ta fi canzawa. Babba yana fita da garinsu a cikin kansa, ya san inda ya fito, ya san inda zai koma. Yaro kuwa inda aka sauke shi nan ne duniyarsa. Maganata ta yau ke nan: yaro ba kaya ba ne da za a ɗaure a ɗora saman mota. Yana da tasa tafiyar, kuma ita ma tana son shiri.

Kada wani ya ɗauka na zo in hana tafiya. Wa zai hana Bamaraɗe tafiya? Garin nan kansa tafiya ce ta haife shi. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya yi shekaru yana yawo, har Damagaram, kafin Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Tsibiri ma Gobirawa ne suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Waɗannan mutane ba su kaɗai suka zo ba, da mata da goyo suka zo. Mu jikokin baƙi ne da suka iya zama. Abin da ya canza shi ne wannan: ci-ranin da iyayenmu suka sani na namiji ne shi kaɗai. A gama girbi, ya tafi bida Kano ko Legas ko Kurmi, ya dawo kafin ruwan shuka. Yanzu zaman ya yi tsawo, an fara aikowa a ɗauki iyali, wasu matan ma su ke jan tafiyar. Da yara suka shigo ciki, lissafin ya zama wani daban.

Bari in ba ku misali daga gidanmu. Yayata ta bi mijinta Abijan da yara uku: ƴar shekara bakwai, ɗan shekara huɗu, da na goye. Mijin yana sayar da garba a Abobo, wato acake da soyayyen kifi, abincin da ƴan Nijar suka yi suna da shi a can. A nan Jiratawa kun san yadda gida yake. Yaro ya tashi, kaka tana nan, goggo tana nan, faccalar uwarsa tana nan. In ya ji yunwa, duk ƙofar da ya shiga za a ba shi fura. Uwa ta tafi lambu tsinkar zogale ba ta da fargaba, don ɗa na kowa ne. Can kuwa ɗaki ɗaya suka samu a gidan haya, tsakar gida ɗaya da Jula da Baule da Mosi, ba mai jin yarenta. Miji ya fita tun asuba, sai dare. Wata shida ba a cika ba, babbar yarinyar ta iya faransancin titi, ta fara tsintar Julanci. Uwar kuwa gaisuwa kawai ta iya.

Kun san abin da ya biyo baya? Yarinyar ta zama tafinta. Ita ce kasuwa, ita ce wurin mai gidan haya in ya zo karɓar kuɗi, ita ce asibiti. Ƴar shekara bakwai tana tsaye tsakanin uwarta da likita, tana fassara ciwon da bai kamata ta ji sunansa ba. Mutane su ce, kai, yarinyar nan akwai wayo. Wayo ne, amma kaya ne aka ɗora mata da suka fi ƙarfin wuyanta. Kuma daga ranar da yaro ya gane shi ne idon gidan, uwarsa makauniya ce a garin, girma ya fara juyewa. Wannan ba a Abijan kaɗai ba ne. Haka yake a Tamanraset, haka yake a Jidda, haka yake a Burusel da Niyok.

Daga abin da na gani, abubuwa uku ne ke yanke wa yaro hukunci a ƙasar waje: takarda, makaranta, da harshe.

Na farko, takarda. Da yawa cikinmu mun ɗauka duk inda aka haifi yaro ɗan can ne. Ba haka ba ne. Kodebuwa tun 1972 ta daina ba da ɗan ƙasa don haihuwa kawai, sai ta jini. Ƙasashen Larabawa da muke zuwa su ma ta jini suke bi. Ke nan yaron da aka haifa wa Banijare a Abobo ɗan Nijar ne ta wajen ubansa ko uwarsa. To amma ina shaida? In ba a rubuta haihuwarsa a can ba, ba a kai ta ofishin jakadancinmu ba, to a idon hukuma babu shi. Ranar da zai zauna jarrabawa za a tambayi takardar haihuwa. Ranar da zai nemi katin ɗan ƙasa, ita ce. Ranar da aka tare mota a kan iyaka, ita ce. A nan gida, dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. In lokacin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali. Wanda ya kasa yin wannan yana zaune kusa da ofishin magajin gari, ya zai yi da shi daga nisan kilomita dubu?

Kuma kada mu manta, siyasar ƙasashe ba ta tsaya wuri ɗaya. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. A 1983 Najeriya ta yi irin nata. Cikin waɗanda aka kora akwai yaran da ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. A zamaninmu kuma, ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka kammala fita daga CEDEAO. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu da zirga-zirga har sai an sanar da wani abu. Ku riƙe wannan kalma: har sai an sanar. Duk ra'ayin da mutum yake da shi kan fitar, uba mai hankali ba ya barin makomar ɗansa a kan "har sai". Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, makaranta. Shekara ɗaya ta babba a waje kuɗi ce, in ta lalace ya sake wata. Shekara ɗaya ta yaro aji ne, in ya wuce ya wuce. Yaron da ya fara lakwal a nan da faransanci, ka kai shi Gana ko Najeriya, turanci ne. Ka kai shi Aljeriya ko Libiya ko Saudiyya, larabci ne. Wani masanin ilimi a Kanada, Jim Cummins, ya nuna cewa yaro baƙo yana iya kama harshen wasa da hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu da rubutu yakan ɗauke shi shekara biyar zuwa bakwai. Shi ya sa iyaye ke ruɗewa. Su ji yaro yana zuba yare a waje kamar ɗan gari, sai sakamako ya zo ya faɗi, su ce wasa ya sa gaba. Ba wasa ba ne. Bakinsa ne ya riga alƙalaminsa isa.

Akwai kuma abin da tsoro ke hana iyaye sani. A Faransa, tun 2019 makaranta dole ce daga shekara uku, kuma ba a duba ko iyaye suna da takardar zama. A Amurka, kotun ƙoli ta yanke tun 1982 cewa makarantar gwamnati ba ta da ikon korar yaro don iyayensa ba su da takarda. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ce ilimi haƙƙin kowane yaro ne. Na san abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Amma wanda bai san haƙƙinsa ba ko ƙofar ba zai ƙwanƙwasa ba. Sai ya ɓoye yaro a ɗaki, shekaru su tafi.

A nan dole in taɓo inda ya fi ciwo. Akwai tafiyar da ba a tafi da yaro ba, yaron ne jarin. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. 52 yara ne, 33 mata, 7 maza. Akasarinsu daga yankin Kance suke, nan maƙwabtanmu a jihar Damagaram. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Daga ƙarshen 2014 aka fara kwaso ƴan Nijar daga Aljeriya a manyan motoci ana saukewa ta Asamaka, har yau ba a daina ba. A Maris na 2022 kuma jirage suka kwaso mutanenmu sama da 1,000 daga titunan Dakar, kusan rabinsu yara. Ni ba zan tsaya nan in zagi matan nan ba. Wanda rumbunsa ke cike ba shi da bakin zagin wanda nasa ya ƙare tun kafin bazara. Amma gaskiya ɗaya ce: yaron da ya yi shekara uku yana miƙa ƙoƙo a bakin titin Oran ko Dakar, ya dawo ba allo ba boko, ba sana'a, ba a kai shi waje ba, an cinye shi ne. Kuɗin da ya tara sun ƙare cikin wata biyu, shekarunsa kuwa ba su dawowa.

Na uku, harshe. Wani zai ce, ai Hausa ba ta ɓata. Ya kawo misali da Mai Wurno a Sudan, inda jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke jin Hausa har gobe. Ya kawo Zangon Kumasi, da Sabon Zango a Akra, da Sabo a Ibadan. Gaskiya ne. Amma me ya riƙe ta a can? Zango ne. Akwai mai gida da ke saukar baƙo, akwai makarantar allo, akwai mai tuwo, akwai mahauci, akwai suna da biki. Yaro ya fita ƙofar gida ya ji Hausa. Iyalin da ke hawa na shida a wani bene a Turai ba su da zango. Hausar gidan duka tana bakin mutum biyu ne, ɗaya ma yana wurin aiki. Masana harshe sun daɗe da lura da yadda abin ke tafiya a gidajen baƙi: iyaye suna magana da yarensu, ɗiya suna ji amma su mayar da amsa da na garin, jikoki kuwa ko ji babu. Zuriya uku, an gama.

Wasu iyayen da kansu suke kashe ta. Suna tsoron kada Hausa ta hana yaro iya faransanci, sai su riƙa yi masa guntun faransancinsu a gida. Wannan asara biyu ce. Yaro yana ɗaukar harshe biyu, har uku, ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba. Ku dubi yaran Yamai da ke juya Hausa da Zabarmanci da faransanci a wasa ɗaya. Na garin, titi da makaranta za su ba shi, ko ka so ko ka ƙi. Naka kuwa in ba ka ba shi ba, babu mai ba shi. A 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasar nan ya ɗaga Hausa ya kira ta harshen ƙasa. Madalla. Amma ba doka ce za ta sa jika ya fahimci kakarsa a waya ba. Ranar da tsohuwa a Jiratawa ta ce "ɗan nan, ka ci abinci?" ya juya yana kallon uwarsa ta fassara, ranar zumunci ya tsinke, ko da ana aiko da kuɗi kowane wata.

Ga wata magana ga masu niyyar Turai da Amurka musamman. Tarbiyyar da muka saba da ita, wani ɓangarenta laifi ne a can. Faransa ta haramta dukan yaro a gida tun 2019, Suwidin tun 1979. Malamin makaranta in ya ga tabo a jikin yaro, aikinsa ne ya kai rahoto. Barin ƴar shekara shida ta yi renon jariri ku fita, wanda a nan ba komai ba ne don maƙwabta na nan, a can yana iya jawo ma'aikatan kula da yara har cikin ɗaki. Ba sai ka yarda da duk al'adarsu ba. Amma baƙo makaho ne ko da idonsa, sai ya yi tambaya. Uban da bulala ce kaɗai hanyarsa, ranar da aka karɓe ta ba shi da sauran abin riƙe ɗansa. Gara tun yanzu a koyi zama da yaro a yi magana.

Kuma maza, ku ji wannan da kyau. Yaro ba ya zama daidai in uwarsa ba ta zauna daidai ba. Ka ɗauko mace daga gida mai mutum ashirin ka rufe ta a ɗaki ɗaya, ba yare, ba ƙawa, ba ta san hanyar asibiti ba, takardunta suna aljihunka. In ka kwanta ciwo fa? In aka kama ka a wurin aiki fa? Bar ta ta koyi yaren garin. Nuna mata hanya. Haɗa ta da matan ƴan Nijar da ke wurin. Yayata sai da ta fara ƴar sana'ar ƙosai a bakin gidan, ta koyi lissafi da Julanci, sannan ƴarta ta samu ta koma yarinya.

Yanzu bari mu juyo gida, don wannan magana ba ta masu fita kaɗai ba ce. Tun 2019, ƴan bindiga suka koro dubban iyalai daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Kafin shekarar ta ƙare sun wuce 40,000, akasari mata da yara. Ƙauyukan Gidan Rumji su suka fara buɗe masu ƙofa da rumbu, kafin hukumar HCR da gwamnati su tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, wasu ma dangi ne. Amma ga yaron nan, nan ƙasar waje ce. Ya shiga aji, mushe yana faransanci. Ya je kanti, lissafin dala da jika ba na naira ba ne. Ya bar abokansa, wataƙila ya bar kabarin ubansa. Duk abin da muke roƙon Abijan da Tamanraset su yi wa namu, ga shi Allah ya kawo mana jarrabawarsa har gida. In ɗanka ya dawo yana kiran wani yaro "ɗan gudun hijira" don ya muzanta shi, ka tuna ɗan yayarka yana can wani gari ana kiransa da wani suna.

To me za mu yi, mu da ke zaune nan? Ba sai mun jira wata ƙungiya ta zo da mota da tuta ba.

Duk wanda ka ji zai tafi da iyali, ko zai aiko a ɗauke su, tambaye shi abu uku kafin ka yi masa addu'ar sauka lafiya: takardun haihuwar yaran suna hannu? Karnen rigakafinsu fa? Wace makaranta za su shiga, da wane harshe? In ba shi da amsa, raka shi a nemo. Ku da kuka yi karatu, wannan aikinku ne. A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a bar kwafi a gida wurin wanda aka yarda da shi. Yaron da ya fara lakwal, a karɓar masa takardar shaidar ajinsa kafin a tafi.

Wanda kuma ya san hanyar da zai bi ta hamada ce, ko zaman da zai yi na ɓuya ne, ya ji tsoron Allah ya bar yaran wurin kakanninsu. Kewa tana da magani, ƙishirwar Sahara ba ta da shi.

Masu ƴan'uwa a waje, wayar nan da muke kashe dare a kanta ta yi aiki. Ka je wurin tsohuwa, ka ɗauki muryarta tana tatsuniya, ka tura wa jikokinta ta WhatsApp. Minti biyar a mako ya isa ya riƙe zare. In sun zo hutu da karyayyar Hausarsu, kada a taru ana yi masu dariya. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya ya rufe baki ke nan. A gyara masa cikin wasa, a kai shi lambu, a nuna masa gulbi, ya san yana da wuri.

Waɗanda aka maido kuwa, daga Asamaka ko daga ko'ina, kada mu tsaya kallon uwar muna ƙus-ƙus. Mu tambayi yaron shekararsa nawa, mu kama hannunsa zuwa wurin daraktan makaranta ko malamin allo ko mai gareji. Kowace fada a garin nan in ta ɗauki yaro ɗaya ta bi lamarinsa har ya zauna, ku lissafa fada nawa gare mu tsakanin Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri.

Iyayenmu sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Babba ne ya bar gida da ƙafarsa, shi wannan magana ta kama. Yaro ɗaukarsa aka yi. Saboda haka gida ba shi da hujjar barinsa, kuma gidan nan mu ne.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya raya mana zuriya, ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiyar da zai sa tafiya ta zama zaɓi, ba tilas ba.